Agogon Yaya a Hannuna

Wata uku cur Yaya ya yi yana zaɓen agogo. A iya sanina da shi, kuma tun ina rarrafe na san shi, bai taɓa ba wani abu wata uku na rayuwarsa ba. Ko matarsa, cikin sati biyu ya gama yanke shawara a kanta.

Mu biyu Baba ya haifa, Yaya da ni, kuma mu biyu ake cewa muna riƙe da maɗaba'ar da ya kafa tun kafin a haife mu. Riƙon namu irin na ɗaukar tebur ne, wani ya tallabo nauyin, wani ya ɗora yatsa biyu yana cewa a yi hankali da bango. Shagon ɗaki uku ne a jere. Na gaba akwai kanta da benci inda masu kawo aiki ke jira. Na tsakiya ofishin Yaya ne, da gilashi da labule da na'urar sanyaya ɗaki, da wata kujera mai juyawa wadda tuni ta ɗauki siffar mazaunansa. Na baya shi ne namu, ni da mai injinmu da muke kira Tawada, don ko da me ya wanke hannu faratansa baƙaƙe ne. A can injin bugawa yake, da injin yanka mai dogon mariƙi, da teburin naɗi, da takardu jibge har rufi. Muna buga takardun jarrabawar makarantu, da kalanda, da katin asibiti, da kwalin sabulu. Shekarata goma sha huɗu a wannan ɗakin.

A farkon shekara gwiwoyin Baba suka ƙi shi, likita ya zaunar da shi a gida. Ya kira mu ya ce ya gaji, kafin watan shida ya ƙare zai kira lauya ya sa wa ɗayanmu hannu a takarda, shago ya zama nasa ko nata.

"Ba zan raba shi biyu ba," in ji shi. "Inji ba ya rabuwa."

Ni dai ba zan yi ƙarya ba, ina so. Ina so har cikin ƙashina. Na san kowace ƙusa ta wurin, na san kukan da inji ke yi idan zai shaƙe tun kafin ya shaƙe, kuma ina da abubuwa goma da zan gyara ranar da aka ce ni ce mai faɗa a ji. Daga rannan na ƙara awa guda a kan aikina. Yaya kuma ya fara neman agogo.

"Shugaba daga hannu ake gane shi, Auta," ya ce da ni. Auta yake kirana har yau, da 'ya'yana uku. "Kafin ki buɗe baki, mutum ya gama karanta tsintsiyar hannunki."

Na dubi tawa. Akwai tabon wuƙar takarda a kanta da ɗigon jar tawada. Na ce to.

Ba agogo mai batir yake so ba, wannan a cewarsa na 'yan makaranta ne da masu gadi. Shi mai inji a ciki yake so, irin wanda aka jera wa ƙananan ƙafafun ƙarfe masu haƙora, wani na tura wani. Sai ya rufe ofis tun daga ƙarfe goma har huɗu na yamma, waya a hannu, yana kallon wasu mutane masu farar safar hannu suna jujjuya agogo a gaban kyamara suna magana ƙasa-ƙasa. Idan tsautsayi ya kai ni neman sa hannunsa a wata takarda, sai ya tsare ni da darasi. Wannan yana da duwatsu ashirin da shida a cikinsa. Wancan gilashinsa ba ya karcewa ko da ƙusa. Wannan kuwa za a nutse da shi mita ɗari uku a cikin teku, bai sha ruwa ba.

"Yaya, kai da ko kwata ba ka tsallakawa in an yi ruwa?"

"Ba don in shiga ba ne," ya ce, ko kallona bai yi ba. "Don in san zan iya ne."

Maɗaurin fata ko na ƙarfe, wannan ya ci sati biyu. Baƙar fuska ko shuɗiya, sati uku. Ya auna hannunsa da zaren ɗinkin littafi ya fi sau goma, kowane awo da abin da yake ba shi. Wata rana ya sa Tawada ya tsayar da inji, aka buga masa hotunan agogo biyar daidai girmansu, aka kawo mini na zagaye su da almakashi, shi kuma ya shiga manna su a hannu ɗaya bayan ɗaya yana tsaye gaban madubin banɗaki yana karkata kai. Rannan muna da takardun jarrabawa dubu takwas da za a zo ɗauka da safe. Na yanka masa agogunan takardarsa ina cizon leɓe, na koma kan aikina.

Filinsa na bayan gari ya sayar, wanda matarsa ta riga ta zana inda ɗakin girkinta zai zauna. Kwana tara ba ta ce masa ci kanka ba. Ranar saye ya ce in raka shi, wai yana son wani ido ban da nasa. Ba ido yake so ba, shaida yake so.

Shagon agogon irin wanda sai an danna maka ƙofa daga ciki ne. Kafet ɗin ya haɗiye ƙarar takalmana, na ji kamar in nemi gafarar shigowa. Mai shagon ya zaunar da mu, ya sa aka kawo shayi a wasu kofuna da ba su fi kurɓa biyu ba, sannan ya sa safar hannu ya fito da agogo uku a kan tire mai laushi.

"Na fita kake so, ranka ya daɗe, ko na yau da kullum?"

"Na kullum," in ji Yaya. "Ni mutum ne mai aiki. Wanda zai jure wahala nake so."

Na ƙware da shayin, mai shagon ya miƙo mini hankici.

"To wannan ne naka," ya ce, ya ɗaga mai shuɗiyar fuska da maɗaurin ƙarfe, ya juya bayansa. Bayan ma gilashi ne, kana ganin komai na motsi. "Ka ga wannan ɗan ƙarfen mai kamar rabin wata? Duk motsin da hannunka ya yi sai ya juya, ya ɗaure wa agogon ƙarfi. Ba ruwansa da batir. Muddin kana motsi, yana tafiya."

Gaskiya agogon ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Siririn hannun nan na daƙiƙa ba tsalle yake yi ba, sulalewa yake. Amma abin da Yaya ya fito da shi daga shagon ba agogon kaɗai ba ne, har da maganar mai shagon, kuma kafin mu kai mota ya yi mata kwaskwarima ta zama tasa. Daga can gidan Baba muka wuce kai tsaye.

"Baba, wannan agogon ba ya zama a hannun malalaci," ya ce, yana durƙushe yana miƙa hannu. "Gumin mutum yake ci. In ba ka aiki, tsayawa yake yi."

Baba ya kama hannun ya kara a kunne, ya saurara, ya ce madalla. Kafin sati ya zagayo babu wanda bai ji wannan huɗubar ba. Tawada ya ji, mai kawo mana takarda ya ji, matar da ke share mana shago ta ji sau biyu. Hannun rigarsa na hagu kullum a naɗe, kuma ya koyi wani sabon salon nuna wa mutum kujera da hannun hagu.

Rana ta huɗu agogon ya tsaya.

Wata shugabar makaranta ce ta gano. Ta zo karɓar aiki, Yaya ya gama yi mata huɗubar, sai ta sunkuya ta duba da kyau ta ce, "Ikon Allah. Naka ya ce tara saura kwata, nawa na roba kuma ya ce sha biyu ta wuce." Ina tsaye a bakin ƙofa da ɗaurin takardunta a ƙirji. Yaya ya girgiza hannu, ya yi 'yar dariyar yaƙe, ya ce sabo ne, bai saba da shi ba tukuna. Washegari ya sake tsayawa. Jibi ma haka.

Ya hau dokin zuciya ya ce an cuce shi, jabu aka sayar masa, kuma tunda ni ce shaida sai mu koma tare. Mai shagon bai ɗaga murya ba, ya tura mu bene wurin mai gyaransu. Wani siririn dattijo ne a ɗan ƙaramin ɗaki mai fitila ɗaya mai haske, da gilashi maƙale a ido guda. Ya ce a bar masa shi kwana biyu. Da muka dawo muka tarar agogon kwance a gabansa yana tafiya abinsa, ko minti bai ɓata ba.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji dattijon. "Bari in tambaye ka. Da me kake zuwa aiki?"

"Da mota."

"Kai ke tuƙi?"

"Maiɗakina ke ajiye ni, hanyarmu ɗaya."

"A wurin aikin fa, me kake yi?"

Yaya ya gyara zama. "Ni ne manaja. Tunani, tsare-tsare, ganawa da mutane."

"Rubutu?"

"A waya."

"Da wane hannu?"

"Dama."

"Abinci da dama, waya da dama, gaisawa da dama." Dattijon ya cire gilashin daga ido ya dube shi. "To shi hagun, da ka ɗaura masa agogon, me yake yi tun safe har dare?"

Na so in yi shiru, wallahi na so.

"Tagumi yake yi da shi," na ce.

Yaya ya yi mini wani kallo da rabon da in gan shi tun muna yara. Dattijon kuwa ko murmushi bai yi ba, da alama ba yau ya fara ganin irinmu ba. Ya ce agogon ba ciwo gare shi ba, yunwa yake ji, kuma maganin iri uku ne. Ko Yaya ya riƙa taka ƙasa na rabin awa kullum yana kaɗa hannu. Ko ya riƙa kwance ɗan kan nan na gefe kowace safiya ya murza shi sau talatin. Ko ya sayi wani akwati da ake sa wa wuta, ya kwana yana jujjuya agogon.

Cikin ukun babu wanda ya yi wa Yaya. Tafiyar ƙasa ya yi ta rana ɗaya, ya kai mararrabar titinmu, ya dawo a tasi yana haki. Murzawa ya yi kwana biyu, rana ta uku ya manta, ta huɗu ya ce shi bai sayar da fili don ya riƙa murza agogo kamar kakanmu ba. Akwatin kuwa, matarsa ta gaya masa cikin ruwan sanyi cewa ranar da wani abu mai dangantaka da agogon ya sake shigowa gidan, ita ce za ta fita ta ba shi wuri. Daga nan sai muka fara hango shi ta tsagar labule, tsaye a tsakiyar ofis yana wulwula hannu kamar mai tsayar da motar da ta riga ta wuce. Tawada ya riƙa ƙara wa inji gudu don kada a ji dariyarmu. Minti biyu yake yi ya zube a kujera, kuma minti biyu ba sa kai agogo ko'ina.

Wata Litinin ya leƙo ɗakinmu, abin da ba ya yi sai da dalili.

"Auta, zo. Rufe ƙofar."

Na rufe. Ya cire agogon ya ajiye a kan tebur tsakaninmu, ya daɗe yana sosa ƙeya.

"Wani ɗan taimako ne. Ke dama hannunki ba ya zama wuri ɗaya. Tun safe kina buga takarda, kina jan mariƙi, kina naɗi. Duk asarar motsi kike yi."

"Asara."

"Ina nufin ba ya amfanar kowa. Ki ɗaura shi daga goma zuwa ɗaya kawai, kafin in fita cin abinci da mutane. Tsakanina da ke. Me zai rage ki da shi?"

Na karɓa. Na sha tambayar kaina dalili, kuma dalilin biyu ne. Na farko, hannuna ya saba. Tun muna firamare ni ke ɗaukar jakarsa a kan tawa, in ya miƙo abu hannuna kan buɗe kafin kaina ya yi shawara. Na biyu kuma, ba zan ɓoye ba, hujja na gani. Shekara goma sha huɗu ina aiki a ɗakin da babu mai shiga, ga shi yau an ba ni wani abu da zai auna aikin nan ya nuna a fuskarsa.

Agogon ya yi mini yawa, yana zamewa har bayan hannu. Tawada ya ce in na kuskura ya laƙe a abin jan takarda, da agogon da hannun duka inji zai tafi. Sai na riƙa tura shi sama kusa da gwiwar hannu, in ɗaure da robar da muke ɗaure katuna, in sauke hannun riga a kai. Ƙarfe goma Yaya zai iso, ya kira ni kamar mai shirin ba ni umarni, in fito da nauyi a hannun hagu. Ƙarfe ɗaya saura minti biyar in goge shi da gefen mayafina in mayar. Awa ukun nan nawa suna isar sa ya wuni, ya kwana, ya wayi gari yana tafiya. Tun daga rannan bai sake tsayawa ba, huɗuba kuma ta dawo sabuwa, har da ƙari. Ina jin sa ta bango yana gaya wa wani mai kamfanin sabulu cewa da farko agogon ya ɗan yi masa gardama, amma da ya ga irin aikin da yake yi sai ya sallama.

Abin haushin, na fara son agogon. Idan wuta ta ɗauke inji ya yi shiru, ina jin bugunsa a jikin fatata, a hankali, ba gaggawa. Ban taɓa ɗaura abu mai daraja haka a jikina ba, kuma na san a duk faɗin shagon ni kaɗai agogon ya sani.

Da na ba maigidana labari, malamin makaranta ne, yana tsakiyar duba littattafan ɗalibai a kan tabarma, sai ya ajiye jan biro ya dube ni.

"Yanzu har agogonsa kike goyo?"

"Bari dai ka gani. Akwai ranarsa."

"Kin taɓa zama gaban Baba kin ce masa, Baba, ni nake son shagon nan? Baki da baki?"

"Sai na faɗa? Aikina zai faɗa."

"Shekara goma sha huɗu yana faɗa. Wa ya ji?"

Na yi tsaki na tashi na bar masa wurin. A ganina roƙo na wanda bai cancanta ba ne, ni kuwa na fi ƙarfin roƙo.

Saura kwana goma watan shida ya ƙare, wata Talata wajen sha ɗaya da rabi, sai ga Baba. Bai gaya wa kowa zai zo ba. Tasi ya ɗauko, ya shigo ta ƙofar baya kamar yadda ya saba tun yana da ƙafa, yana dogara sanda. Ina kan tebur ina naɗe kwalayen sabulu. Na ji ƙwas-ƙwas ɗin sandar tun daga waje, ina da lokacin da zan tabbatar hannun rigata a sauke yake. Sai na naɗe shi har sama.

Muka gaisa, Tawada ya kawo masa kujera. Ya shafa injin bugawa, ya duba yatsansa ko akwai ƙura, ya ɗaga wani kwali ya kalli layin yankan. Sannan idonsa ya sauka a hannuna.

"Wannan ba agogon yayanki ba ne?"

"Shi ne, Baba."

"Me yake yi a hannunki?"

Na kwashe komai na gaya masa. Shugabar makaranta, dattijon bene, tagumi, tafiyar mararraba, wulwula hannu. Ban rage ko ɗaya ba, kuma na ji daɗin faɗa, har wani gishiri na ƙara. Baba ya miƙe da ƙyar, ya taka zuwa ofis, ya tura ƙofa da kan sanda. Yaya na kishingiɗe, ƙafafu a kan tebur, waya a kan ƙirji, baki a sake. Sanyin ɗakin ya bugo mu.

Baba ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har ya dafa bango, har tari ya sarƙe shi, har hawaye. Yaya ya farka a firgice, kuma abin da ya fara yi shi ne rufe tsintsiyar hannunsa ta hagu da tafin dama. Wannan ya sake tayar wa Baba da dariyar. Da ya lafa ya goge ido ya juyo wurina.

"Tun yaushe?"

"Sati biyar."

"Kullum?"

"Ban da ranar hutu."

"Shi ya nema, ko ke kika ce ya kawo?"

"Shi ya nema."

"Kika kuma karɓa."

"Na karɓa."

Ya daɗe yana gyaɗa kai, yana kallona kamar yau ya fara ganina. Daga nan ya ce a tsayar masa da tasi. Rannan da ƙafa na koma gida don murna ta hana ni zama a mota. A hanya na gama tsara komai: injin yanka zai koma kusa da taga, za a fasa bangon ofis ɗakin baya ya samu iska, kujera mai juyawa kuma in ba mai shara ta kai gida. Yaya bai yi mini magana ba kwana biyu. A na uku ya kira ni ƙarfe goma, fuska a murtuke, ya turo agogon ta kan tebur. Na ɗaura, har da ɗan tausayinsa. Na ce a raina, na kwana nawa ne.

Asabar ɗin ƙarshen wata muka haɗu a falon Baba da hantsi. Lauya ya zo da jakarsa, ya jera takardu a kan ɗan teburin da Baba ke ajiye magunguna. Na sa kayana mafi kyau, har na goge tawadar farata da lemon tsami. Yaya ya zauna can gefe, hannun riga a sauke, kai a ƙasa.

Baba ya yi gyaran murya ya ce ya yi tunani, ya kuma je ya gani da idonsa. Ya ce wa lauya ya rubuta sunan babban.

Na ɗauka kunnena ne. Shi kansa Yaya sai da ya waiga ko akwai wani babban a bayansa.

"Baba," na ce, "ka fa gani."

"Na gani, Auta. Abin da na gani ne ya sa." Ya gyara ƙafarsa a kan matashi. "Na ga mutumin da hatta agogon hannunsa ya samu mai ɗaukar masa, aka kuma ɗauka ba gardama. Ke kina ganin wannan ƙaramin abu ne? Ni shekara arba'in ina fama, ban iya shi ba, shi ya sa gwiwoyina suka mutu. In na zaunar da ke a ofis, wa zai tsaya a baya? In na tura shi baya, sati ɗaya ya yi yawa an rufe shagon. Amma a haka, kowa na inda yake, komai na tafiya daidai."

"To ni fa?"

"Ke ai ke ce shagon. Kowa ya san wannan." Ya faɗa da taushi, da ƙauna ma, abin da ya fi ƙona ni ke nan. "Ba ki taɓa cewa a'a ba, 'yar albarka. Shi ya sa hankalina yake kwance."

Ban taɓa jin an wulaƙanta ni da yabo irin na rannan ba. Ina zaune ina kallo lauya ya nuna wuri, Baba ya sa hannu, Yaya ya sa hannu. Kafin ya kama biro sai da ya naɗe hannun rigarsa na hagu.

Sannan Baba ya laluba ƙarƙashin matashi ya fito da makullan shagon, guda bakwai a zobe ɗaya. Su ne nake biyowa in karɓa a wurinsa kowace safiya bakwai saura kwata, in dawo masa da su da yamma, don bai taɓa yarda su kwana a wani gida ba. Ya damƙa su a tafin Yaya, ya rufe da nasa hannun, ya sa masa albarka. Yaya ya jinjina nauyinsu, ya yi godiya, ya ce in Allah ya yarda ba zai ba da kunya ba. Ya dubi agogonsa, ya ce wa lauya ko zai rage masa hanya. Yana miƙewa ya miƙo mini makullan ta gefe, ko juyowa bai yi ba.

"Riƙe, Auta. Ke ce mai sammako."

Hannuna ya fara tashi da kansa, na ji shi. Na kama shi da ɗayan, na mayar da su duka biyun bayana.

Yaya ya ɗan kaɗa makullan, kamar ban ji ba ne. Sannan ya juyo. Hannunsa na miƙe a tsakiyar falo, ya rasa yadda zai yi da shi.

"Karɓi mana," in ji Baba.

"A'a."

Lauya ya sunkuya yana neman wani abu a jakarsa da babu shi. Na durƙusa na yi masa sallama yadda na saba, na ce Allah ya ƙara sauƙi, na ɗauki jakata. Na nufi ƙofa.

Ina sa takalmi a waje na ji muryar Yaya ƙasa-ƙasa, yana tambayar Baba wanne ne na ƙofar gaba.